Sharhi: Sai an sheƙe kafin a auna

Kowace shekara, da zarar damana ta ƙare, takardu sukan tashi daga ƙauyuka su nufi bariki. Mai gari ya ba da yawan gidajen da hatsinsu ba zai kai su wata damana ba. Malamin gona ya rubuta ruwan da aka samu da damman da aka ɗaure. Ma'aikacin gidan likita ya lissafa yaran da aka yi wa rigakafi da waɗanda aka auna aka tarar sun rame. Sakataren bankin cimaka ya buɗe littafinsa ya duba wanda ya biya da wanda bai biya ba. Daga Bawdeta takardun su isa Tasawa, daga Tasawa su isa Maraɗi, daga Maraɗi su isa Yamai. Can ne ake haɗa su da na sauran jihohi a yanke shawara a kansu: ina za a kai hatsi mai rahusa, ina za a gina aji, maganin rigakafi nawa za a aika.

Wanda ke zaune a Yamai bai ga ƙauyen ba, lambar da aka rubuta kaɗai ya gani. In lambar ta gurɓace tun daga tushe, shawarar da za a yanke a kanta ita ma gurɓatacciya ce, kuma talakan da aka ƙidaya ba daidai ba shi ne zai kwana da yunwa. Babu macen kirki da za ta kwaso hatsi daga masussuka ta zuba a tukunya. Sai ta sheƙe, ta fitar da ƙaiƙayi da tsakuwa, sannan ta auna. Haka alƙaluma suke. Gyaran su kafin a tara su sana'a ce mai zaman kanta, kuma ba a koyon ta da sauraren jawabi. Da hannu ake koyon ta, ta hanyar gwaji a kai a kai. Waɗanda suka fi cancanta a koya wa ita kuwa su ne maza da matan da suka fito daga ajin yaƙi da jahilci, don su ke riƙe da littattafan ƙauye.

Tsohon aiki ne a wannan ƙasa

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a ƙasar Maraɗi. A 1962 aka kafa hukumar UNCC mai kula da bashi da ƙungiyoyin haɗin kan manoma, a shekarar kuma aka kafa kamfanin SONARA mai sayen gujiya. A 1963 aka buɗe ma'aikatar yaƙi da jahilci. Daga tsakiyar shekarun 1960 aka fara danƙa wa manoma ragamar kasuwannin gujiya a ƙasashen Maraɗi da Damagaram. Ƙauyuka suka zaɓi masu awo da sakatarori daga cikin ƴaƴansu. Nan ne jama'a suka gane amfanin karatu da idonsu: wanda ya iya karanta sikeli ya rubuta nauyin buhu, ba a cutar sa, ba a cutar ƙauyensa. Waɗannan mutane ba su ƙware a aji kaɗai ba, a bakin sikeli suka ƙware, inda kuskuren lamba guda ke zama asarar kuɗi a aljihun maƙwabci.

Ƙasa ma ta daɗe tana ƙidayar kanta. Ƙidayar 1977 ta sami mutum 5,102,990. An sake yi a 1988 da 2001. Ta watan Disamba 2012 ta sami mutum 17,138,707, jihar Maraɗi kaɗai tana da sama da miliyan 3 da dubu 400. A 2004 aka kafa cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, wato INS, a shekarar kuma aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, wanda ya ɗora wa wurare irin su Bawdeta, Kona, Korgom, Hawan Dawaki, Maijirgi da Urafan nauyin riƙe takardunsu da kansu. Jama'a ta ninka fiye da sau 3 cikin shekara 35, takardu sun yawaita, amma hannuwan da suka iya gyara su ba su yawaita haka ba.

Wahalar cimaka ta 2005 ta bar darasi. Fari da fara sun ɓata damanar 2004, farashin hatsi ya yi tashin da talaka ba ya iya kaiwa, kuma jihar Maraɗi, wadda ake ɗauka rumbun ƙasa ce, na cikin inda yara suka fi galabaita. Bayan haka aka fahimci cewa yawan abin da aka noma kaɗai ba ya nuna halin da gida yake ciki. Sai an haɗa da farashin kasuwa da awon yara. To, waɗannan alƙaluma duka daga littafin ƙauye suke fitowa.

Tsakuwa biyar da ke cikin hatsi

Kurakuran da ke ɓata littafi ba su da yawa, kuma su ne dai suke maimaituwa. Wanda ya san su ya yi rabin aiki.

Na farko, gurbin da aka bari babu rubutu. Sifiri daban, rashin sani daban. Ga misali: ƙauyuka 4 suna da ma'aunin ruwan sama. A rana guda na farko ya sami milimita 40, na biyu 30, na uku 50, na huɗu kuwa mai duba ma'aunin ya yi tafiya, bai rubuta kome ba. In aka raba 120 gida 3, matsakaicin ruwan milimita 40 ne. In wani ya cika gurbin da sifiri ya raba gida 4, sai ya sami 30, ya kuma ƙaga wa ƙauye na huɗu farin da bai same shi ba. Ƙa'ida ita ce a rubuta "ba a auna ba" a fili. Kada a sa sifiri, kada kuma a ƙaga lamba don takarda ta yi kyan gani.

Na biyu, suna guda da rubutu iri-iri. Bawdeta kanta ana rubuta ta Baoudetta a wata takarda, Baoudéta a wata. Tasawa a faransanci Tessaoua ce. A gundumar Mayahi, ƙaramar hukumar Sarkin Hausa tana fitowa Sarkin Haoussa ko Serkin Haoussa ko Sherkin Haoussa. Gidan da Guidan kalma guda ce, Musa da Moussa mutum guda ne. Ɗan Adam yana gane haka da kallo ɗaya, amma kwamfuta ba ta ganewa: gari guda sai ta mai da shi garuruwa 3. Akwai kuma haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, waɗanda in takarda ta ratsa na'urar da ba ta san su ba sukan rikiɗe su zama alamar tambaya. Maganin wannan shi ne a tsayar da rubutu guda ga kowane gari, a haɗa shi da lambarsa. INS ta fitar da kundin sunayen garuruwan ƙasa, RENALOC, bayan ƙidayar 2012. Ya kamata shafin da ya shafi kowace ƙaramar hukuma ya kasance a hannun duk mai riƙe da littafi a cikinta.

Na uku, maimaici. Magidanci ya yi rajista a ƙauyensu, ɗansa ya sake rubuta shi ranar kasuwa, sai gida guda ya ci rabo biyu, wani gidan ya rasa. Amma kuma akwai haɗari ta ɗaya gefen. A ƙauye guda ana iya samun mutum 3 masu suna Abdu Musa, kowane da iyalinsa. Mai gaggawar share maimaici yakan share mai rai daga cikin jerin masu karɓar taimako. Saboda haka suna kaɗai bai isa ba: sai an duba sunan uba, da unguwa, da yawan mutanen gida. In har yanzu da shakka, a tashi a je a tambaya.

Na huɗu, kwanan wata da shekaru. Dattawa da yawa suna riƙe da takardar da ta ce an haife su "wajajen" shekara kaza, kuma in aka shigar da su na'ura akan ba su 1 ga Janairu. Wanda bai san haka ba sai ya zaci rabin ƙauye rana guda aka haife su. Masana ƙidaya a ko'ina cikin duniya sun san cewa inda ba a riƙe takardar haihuwa, mutane sukan ba da shekarun da suka ƙare da 0 ko 5, sai ƴan 30 da 40 su yi tuli, ƴan 29 da 41 su yi ƙaranci. Mai tambaya nagari yakan nemi abin tunawa: ƴancin kai na 1960, juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, yunwar 1984, ko husufin rana na 29 ga Maris 2006. Ga kuma tsarin rubutu: a Nijar 03/04 na nufin 3 ga Afrilu, a tsarin Amurka kuwa, wanda wasu na'urori ke zuwa da shi, 4 ga Maris ke nan. Dokar 2019 kan takardun haihuwa, aure da mutuwa ta ba da kwana 60 a sanar da haihuwa. Kowane jaririn da aka rubuta cikin wa'adi, an rage wa masu ƙidayar gaba kuskure guda.

Na biyar, ma'auni da kuɗi, kuma nan ne aka fi faɗawa rami. Hatsi ana lissafa shi da dami, da tiya, da buhu, da kilo. Tiyar hatsi kimanin kilo 2 da rabi ce, buhu mai kilo 100 kuwa kimanin tiya 40. A ce gida 4 sun faɗi abin da ya rage musu: buhu 3, tiya 60, kilo 250, dami 20. Wanda ya tara lambobin yadda suka zo zai sami 333, lambar da ba ta nufin kome. Wanda ya iya aiki zai mai da buhu 3 kilo 300, tiya 60 kilo 150, ya haɗa da 250 ya sami kilo 700. Dami 20 kuwa zai ajiye shi gefe, don dami ba shi da nauyi tsayayye: sai an sussuke kaɗan an auna a wannan ƙauyen, a wannan shekarar. Haka kuɗi. A bakin jama'a da dala ake lissafi, dala guda tamma 5 ce, jika kuwa tamma 1,000. In mai hatsi ya ce tiya "ɗari da ashirin", tamma 600 yake nufi. Mai rubutun da ya sa 120 ya rage farashi sau 5, ya sa Yamai ta zaci araha ake yi alhali tsada ce. A kasuwannin kusa da iyaka kuma naira na shiga lissafi. Saboda haka lamba ba ta tafiya ita kaɗai: kowace sai da sunan ma'auninta a gefe.

Bayan waɗannan biyar akwai ido na hankali. Yaro ɗan shekara guda ba ya kai kilo 85: waƙafi ne ya faɗi daga 8,5. Ƙauye mai mutum 600 ba ya da yara ƙanana 900. Wanda ya saba yakan tsaya a irin wannan lamba kamar yadda haƙori ke tsayawa a kan tsakuwa cikin tuwo.

Na'ura ba ta maye gurbin hankali

Masu bincike da yawa sun koma ɗaukar bayani da wayar hannu, manyan ofisoshi kuma suna tara shi a kwamfuta. Wannan ci gaba ne, amma kada ya ruɗi kowa. Na'ura tana tara abin da aka ba ta cikin ƙiftawar ido, gaskiya ko ƙarya. A Ingila, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba 2020, mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu da cutar korona sun ɓace daga lissafin hukuma, saboda an zuba sakamakon a tsohon tsarin Excel wanda yawan layukansa ke da iyaka. Abin da ya wuce iyakar ya zube ba wanda ya lura, aka yi jinkirin neman waɗanda suka yi cuɗanya da su. A 1999 Amurka ta yi asarar wani kumbon da ta aika duniyar Mars, don wata ƙungiyar ma'aikata ta yi lissafi da ma'aunin Ingilishi, ɗayar kuma da ma'aunin mita. Tiya da kilo ke nan a sararin samaniya. In haka ta faru ga masu manyan digiri, babu abin kunya ga sakataren ƙauye da ya yi kuskure. Abin kunya shi ne a bar shi ba a koya masa ba.

Yadda gwajin zai kasance

Hausawa sun ce sai da gwaji akan san na ƙwarai. Abin da ake bukata ba shi da tsada: allo, alli, takarda, da malami mai haƙuri. Lokacin rani, sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi, tsofaffin ɗaliban yaƙi da jahilci na iya haɗuwa sau ɗaya a mako. Malami ya kawo shafi guda mai layi 20, wanda ya ɓoye kurakurai a ciki da gangan, bai faɗi yawansu ba. Makon farko gurabe, na biyu sunaye, na uku maimaici, na huɗu kwanan wata, na biyar ma'auni da kuɗi. A mako na shida a gauraya duka a shafi guda. Ɗalibai su zauna biyu-biyu, su nemo kurakuran cikin rabin awa, sannan su yi musayar takardu kowa ya duba aikin ɗan'uwansa. A ƙarshe kowane ya tashi ya faɗi abin da ya gyara da dalilin gyaran, don wanda bai iya faɗin dalili ba sa'a ya ci, bai koya ba.

In hannu ya faɗa, sai a bar shafin malami a koma ga littattafan gaske: na bankin cimaka, na kuɗin famfon ruwa, na iyayen yara a makaranta, na asusun mata. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, sun nuna cewa matan ƙauye sun iya riƙe lissafin zubi da bashi ba tare da tamma ta ɓace ba. Bai kamata a buɗe irin wannan aji babu su ba. In za a yi gwaji da littafin gidan likita, wajibi ne a rufe sunayen mutane tukuna, don ciwon mutum asirinsa ne.

Ƙa'idoji 3 ne za a maimaita har su zauna. Ba a goge rubutun asali: a ja masa layi guda yadda zai karantu, a rubuta gyara a gefe. Kowane gyara a shigar da shi a shafi na musamman, da ranar da aka yi shi, da wanda ya yi, da dalili. Abin da ba a sani ba kuma a tambayo shi, kada a cika shi da zato.

Gasa tana ƙara wa aiki armashi. Babu abin da zai hana ajin Bawdeta ya aika wa ajin Kona shafi mai tarko, Kona ta mayar da nata. Waɗanda suka yi fice a ƙananan hukumomi 7 na gundumar Tasawa su kara da takwarorinsu na Mayahi, Kanambakashe, Gidan Amumun da sauran ƙananan hukumomin gundumar Mayahi. Ladan wanda ya ci ba sai ya zama kuɗi ba. Takardar shaida ta isa, muddin za a dube ta ranar da ake neman masu ƙidaya ko masu rubuta jerin mabukata.

Nauyin da ke kan ma'aikata

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba duk kuskure ne ke fitowa daga ƙauye ba. Takardar da aka buga babu wurin rubuta ma'auni, ita ta gayyato ruɗani. Shugaban da ke faɗa in ya ga gurbi, shi ke koya wa na ƙasa da shi ƙagen lamba. Ofishin da ke karɓar rahoto shekara da shekaru bai taɓa mayar da amsa ba, shi ke sa mai rubutu ya ɗauka ba mai karantawa, ya daina kula. Wajibi ne ma'aikatan gona, na kiwo, na lafiya da na ilimi a Tasawa da Mayahi su riƙa mayar da kowace takarda da alamar inda aka yi daidai da inda aka kauce. Wannan amsa ita ce babbar makaranta.

Akwai kuma maganar amana. Tun zamanin Turawa, lokacin da ƙidaya ke nufin lanho da aikin tilas, jama'a suka koyi ɓoye kawunansu. Zamanin taimako ya kawo akasin haka: a ƙara yawa don rabo ya ƙaru. Duka biyun cuta ce. Ƙauyen da ya rage mutanensa ya rage wa kansa aji da rijiya. Wanda ya ƙara kuwa ya ci haƙƙin maƙwabcinsa, kuma ranar da aka gane, ko gaskiya ya faɗa ba za a yarda ba. Ya dace sarakuna, masu gari da limamai su riƙa faɗa wa jama'a haka a fili.

Kundin sabunta ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshe ba ya ɗaukaka da jawabi kaɗai. Yana ɗaukaka ranar da aka buɗe littafin ƙauye da aka rubuta da shi, aka tarar sunaye daidai, kwanaki daidai, ma'auni daidai, har ma'aikacin Yamai ya dogara da shi ba tare da ya sake aiko mai bincike ba. Wanda ya koyi harafi da lamba a ajin manya ya hau matakin farko. Mataki na biyu shi ne ya zama mai tsaron gaskiyar ƙauyensa a kan takarda. Ranin da ke tafe ya isa a fara, ko da aji guda ne a Bawdeta, da shafi guda mai layi 20.

Allah ya ba da damana mai albarka, ya ba masu riƙe da littattafai ikon riƙe amana.